Kakin da Baba Ya Bari

Ranar da aka yi sadakar ukun Baba, bayan mutane sun watse an naɗe tabarmi, Baffa ya kira ni zauren ƙira ya ce in turo ƙofa. Na ɗauka maganar gado zai tayar, har na shirya amsar cewa a bari sai bayan arba'in. Sai na ga ya durƙusa bayan randar da ke lungu, inda ƙasa ba ta rabuwa da laima, ya jawo wani tsohon gwangwanin madara. Ruwa ne a ciki kusan rabi, a kan ruwan kuma wani abu rawaya-rawaya yana yawo, bai kai tafin hannun yaro ba. Tun kafin ya miƙo mini, ƙamshin ya riga shi isowa. Shekara talatin rabona da taɓa kakin zuma, amma hancina bai manta ba.

"Aikinsa na ƙarshe ke nan," in ji Baffa. "Mai shi tana nan tafe, bikin jikarta saura kwana tara. Ka ji abin da liman ya faɗa a maƙabarta, duk mai bin sa bashi ya zo. To, ga bashi."

Ya kwance wani ƙullin tsumma, ya zube liyari biyu a kan fata.

Mu maƙeran fari ne, gidanmu yana Zango, a Damagaram. Maƙerin baƙi shi ne mai fartanya da gatari da lauje. Mu azurfa da tagulla ne abokan aikinmu, wani lokaci da zinariya idan Allah Ya kawo mai hali. Kakana ya yi shekaru a Agadas a hannun maƙeran buzaye, can ya koyo zubi, ya dawo da shi gida ya koya wa ƴaƴansa biyu, Baba da Baffa. Abin da aka fi sanin gidanmu da shi shi ne abin wuyan nan da Turawa ke kira gicciyen Agadas, buzaye kuma su ce tanaghilt. A zaurenmu ƴar Agadas kawai ake ce mata. Zobe ne a sama inda ake zura igiya, sai ƙirji a tsakiya, sai hannu biyu da ƙafa ɗaya, kowanne da ɗan ƙululu a ƙarshensa. Wanda ya taɓa shiga wajen masu aikin hannu na gidan tarihin Bubu Hama a Yamai, ko na Wadata, ya gan su jere a kan fata, iri 21, kowacce da sunan gari: ta Agadas, ta Ingal, ta Timiya, ta Tawa, ta Bilma, har da tamu ta Damagaram. Abin da ke yawo cikin gwangwanin Baba ƴar Agadas ce, amma ta kaki.

Mai saye azurfa yake gani. Idan ya leƙo zaure ya tarar ana zuga, gawayi ya yi ja, gumi yana zuba, sai ya ɗauka nan aikin yake. Mu da muka tashi a gidan mun san ranar wuta guda ce, zubin kansa kuwa bai kai karanta Fatiha ba. Abin da ke cin kwanaki shi ne kaki.

Aikina na farko a duniya shi ne dafa saƙar zuma. Mutanen ƙauyukan kudu, wajen Magarya, su ke kawo wa Baba saƙar da aka matse zumarta. In zuba ta a tukunya da ruwa, in hura wuta kaɗan-kaɗan har ta narke, in tace da tsumma a cikin ƙwarya. Kafin gari ya waye kakin ya taso sama ya daskare kamar waina, dattin ya kwanta ƙasa. Sau biyu ake yi, wani lokaci sau uku, domin ko ƙafar ƙudan zuma ɗaya ta saura a ciki, sai ta bar rami a jikin azurfa. Daga nan Baba ya gutsuri gwargwadon bukata, ya ɗumama a bakin garwashi, ya murza a tafin hannu har ya yi laushi, ya shimfiɗa a kan wani allo mai santsi da ya gada daga kakana. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: ƴar wuƙa da ya ƙera da kansa, basilla, da wani tsinken ƙarfe mai faɗin baki. Zai ɗumama bakin wuƙar, ya kai kusa da leɓensa ya ji zafinta, sannan ya taɓa kakin. In ta yi zafi da yawa sai ta ci fiye da abin da aka sa ta, in ta huce sai ta ja kakin ya yage. Ban taɓa ganin ya ɗora ma'auni ko ya zana wani abu a takarda ba. Ɗaga aikin yake yi wajen hasken ƙofa, ya juya shi, ya lumshe ido ɗaya.

Kaki kuma yana da lokacinsa. Yana narkewa a wajen digiri 63, amma tun kafin nan ya saki jiki, ga shi kuwa bazarar Damagaram tana wuce 40 ba tare da neman izinin kowa ba. Don haka a watannin zafi daga sallar asuba zuwa hantsi kawai Baba ke sassaƙa, sauran yini aikin yana cikin ruwa a bayan randa. Da hunturu kuma akasin haka, kakin ya yi tauri, ka ɗan matsa shi ya tsage, sai an zauna dab da wuta.

Akwai wani lissafi da Baba ke yi wanda na daɗe ina ɗaukarsa kamar tsafi. In ya gama sassaƙa sai ya ɗora kakin a sikelinsa mai faranti biyu, ya auna azurfa ninki goma, ya ƙara kaɗan a kai. Kaki ɗaya, azurfa goma, haka yake cewa. Sai da na yi nisa a lakwal mushe ya rubuta a allo cewa azurfa ta fi ruwa nauyi sau 10 da rabi, zinariya tsantsa sau 19, kakin zuma kuwa ya ɗan gaza ruwa, shi ya sa yake yawo a kansa. Na rugo gida da zumuɗi na gaya wa Baba. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "To madalla, an gaya maka abin da ke zaurenku."

Wannan lissafin shi ne tushen komai, ko da yake a lokacin ban gane ba. Duk ɗan burbushin kakin da maƙeri ya bari inda bai kamata ba, ninki goma ne na azurfar wani zai tafi wurin. In ya sirantar da wuri fiye da kima, azurfa za ta daskare a hanya kafin ta kai ƙarshe, a fasa a tarar da hannu guntu. Zanen da ake gani a fuskar ƴar Agadas, layuka da ɗige-ɗige, bayan zubi ake yin sa da bakin ƙarfe, wannan gaskiya ne. Amma kauri, da tsayi, da yadda za ta zauna a ƙirji ba ta karkata ba, da yadda hannun dama zai amsa na hagu, duk a kaki ake yanke hukuncinsu. Azurfa ba ta da ra'ayi. Abin da ta tarar shi take kwaikwaya, da mai kyau da marar kyau.

Ina da shekara goma sha biyu Baba ya ba ni kaki ya ce in yi zobe. Kwana uku na yi a kai. Na kai masa ina jin babu kamata, ya ɗaga wajen ƙofa, ya juya, sai ya sa babban yatsa ya danne shi, ya miƙo mini dunƙule.

"Gefe ɗaya ya fi kauri."

Na ce ai magagari zai gyara bayan an zuba.

"Magagari azurfar mutane yake ci," in ji shi. "Kaki namu ne, ɓata shi ko sau ɗari. Tun ran gini ran zane."

Sau bakwai yana danne mini zoben nan. Ban yi na takwas ba. Dama a lakwal yara suna cewa ina warin hayaƙi, ga shi kuma ina cin jarrabawa. Na bi takarda, takarda ta kai ni Yamai, yau lissafi nake koyarwa. Baba bai taɓa yi mini gori ba, kuma da ya yi, da na fi samun sauƙi. Abin da kawai yake cewa in an tambaye shi, kowa da abin da Allah Ya hore masa.

A Yamai ne, cikin karance-karance, na gane cewa abin da nake gudu ya girmi duk littattafan da nake taƙama da su. Kayan tagullar da aka tono a Igbo-Ukwu, kudu maso gabashin Najeriya, waɗanda masana ke kai shekarunsu ƙarni na 9 ko na 10, da kaki aka fara yin su. Haka kawunan Ife da na Bini, haka ƙananan ma'aunan tagulla da Asantawa suka riƙa auna garin zinariya da su a dā a Kumasi, haka masu zubin Fumban a Kamaru har gobe. Hanyar ɗaya ce: a sassaƙa kaki, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa kakin ya fita, a zuba ƙarfe a gurbinsa, a fasa yumɓun. Da na zo hutu na gaya wa Baba cewa Faransawa suna kiran wannan aiki da ɓataccen kaki. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Su ke ɓatar da nasu. Ni ƙwarya nake tarawa."

Duk da haka sunan bai yi ƙarya ba. Kakin zai iya dawowa ƙwarya, amma siffar da aka yi masa ta tafi, yumɓun ma an fasa. Ba a bar komai a baya da za a sake zuba irinta da shi. Na ga ma'anar wannan a farin 1984, lokacin da mata ke zuwa da mundaye da abin wuya a ƙulle a bakin zane, suna sayarwa don hatsi. Wasu daga ciki aikin kakana ne. Baba ya kan riƙe irinsu ya daɗe yana juyawa kafin ya jefa a tukunyar narki. Daga baya aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, azurfa ta yi tsada. Bayan tawayen 2007 da sace Turawan da aka yi a Arlit a 2010, masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa daga arewa, waɗanda ke sarin kayanmu su kai Agadas suka daina zuwa. Ƴan mata kuma idonsu ya koma kan zinariyar Dubai da ta Makka. Zaurenmu da ke ɗaukar mutum shida ya koma tsofaffi biyu.

Washegarin sadakar uku Hajiya ta zo, tsohuwa mai sanda, tare da wata yarinya da ke riƙe mata jaka. Ta yi gaisuwa, ta yi addu'a mai tsawo. Ni kuwa na kwana da shawarata. Na ce, "Hajiya, ga liyarinki, ga kuɗin da kika fara bayarwa. In kin yarda, ni zan saya wa amarya wata a kasuwa, wadda ta fi wannan girma, daga aljihuna."

Ban gaya mata dalili ba, amma zan gaya wa mai karatu. Ina son kakin ne. Rigunan Baba za a raba, kayan aiki na Baffa ne, gida na kowa ne. Wannan kuwa shi ne abu na ƙarshe da yatsunsa suka murza, kuma in aka zuba shi, shi ke nan.

Ta ɗauki liyari ɗaya ta juya. Kuɗin Ostiriya ne na dā, kan mace a fuska ɗaya, mikiya mai kai biyu a ɗayar, kuma ko yaushe aka buga shi 1780 ake rubutawa a jiki. Ayari ne ya riƙa shigo da irinsa ƙasarmu, kowane ɗaya giram 28, fiye da kashi 80 cikin ɗari azurfa, shi ya sa maƙera ke son sa.

"Ɗana," in ji ta, "in ta kasuwa nake so, na san hanyar Dole. Waɗannan na kakata ne. Wadda na yi aure da ita kakanka ya zuba, ta uwar yarinyar nan mahaifinka ya zuba. Ya gama kakin ko bai gama ba?"

Na ce ya gama.

"To me ya rage?"

Da ta tafi na kira ɗan Baffa a salula. Shi ne ya riƙe sana'ar a cikinmu, amma a Yamai, kuma ta wata hanya. Kakinsa daga waje ake kawo shi, kore ko shuɗi, mai tauri kamar ƙaho, da zarto da magagari ake sassaƙa shi, zafin gari bai cika damunsa ba. In ya yi guda ɗaya mai kyau sai ya yi mata gida na roba, ya riƙa ɗura narkakken kaki a ciki yana fitar da ƴaƴanta, ashirin ko talatin, ya liƙa su a jikin sanda ɗaya kamar reshe da ganye, ya zuba duka a tashi guda. Ba na cikin masu raina wannan. Da kuɗin robar nan aka biya maganin Baba na wata huɗu. Manyan masu zinariya na Dubai ma, da suke zana zobe a kwamfuta inji ya fitar da shi, abin da injin ke fitarwa ɗan'uwan kaki ne, shi ma ƙone shi ake yi a zuba zinariya a gurbinsa. Abin da kawai na lura, in aka yi ta kwafar kwafi, kowane zubi yana ɗan raguwa, bakin da ke da kaifi yana dakushewa, har ka ga ƴar Agadas a kasuwa kamar sabulun da aka yi kwana uku ana wanka da shi.

Ya ce in kawo masa kakin, yana da robar da ake zubawa da sanyi, zai ɗauki siffar ba tare da ya lalata shi ba. Hajiya ta sami tata, ni in sami nawa. Na ji daɗin maganar har na fara tambayar motar safe. Baffa da ke gefe yana jin mu ya ce, "Kilomita kusan ɗari tara, a wannan zafin, cikin mota? Kafin ka kai Maraɗi ya zama alewa. Ka je, ka dawo, a yi yumɓu, ya bushe, duk a kwana takwas?" Na ƙirga da yatsu, ni mai koyar da lissafi, na ajiye salular.

Da dare na ɗauki fitila na shiga zaure ni kaɗai. Na fito da kakin na ɗora a allon kakana, na yi ta ɗaukarsa hoto, sun fi talatin, babu wanda ya nuna komai sai wani abu rawaya a kan katako. Sai na yi abin da na ga ana yi tun ina yaro, na ɗaga shi wajen haske na lumshe ido ɗaya. Hannun hagu ya ɗan sauka ƙasa da na dama. Ƙululunsa kuma ya fi kauri, kamar an ɗora kakin ba a koma an rage ba. Ba abin da mai saye zai gani ba ne nan take. Amma yaron da aka danne wa zobe sau bakwai ya gani.

Da asuba na nuna wa Baffa. Bai karɓa ba, ya ce ya sani.

"Shekara biyu ke nan hannunsa yana rawa, ga yana ta rufe masa ido ɗaya. In ya gama ya tafi masallaci sallar isha'i, sai in fito da aikin in daidaita, in mayar cikin ruwa."

Na ce, "Bai taɓa ganewa ba?"

"Yayana? Wata rana da safe ya ɗaga wani aiki ya duba, ya ce, ikon Allah, kakin bana da dare yake gyara kansa. Bai ƙara ba, ni ma ban tanka ba." Baffa ya share fuska da hannun riga. "Wannan ranar da ya gama shi ciwon ya kayar da shi. Na fito da shi ya fi sau biyar, hannuna ya ƙi."

Na ce to a bar shi haka mana. A zuba shi yadda ya bari, da karkatar da komai, ai hannunsa ne.

Baffa ya dube ni irin kallon da ake yi wa baƙo. "Shekara sittin bai bar karkatacce ya fita daga zauren nan ba. So kake na ƙarshe ya zama shi ne za a rataya a wuyan amarya, mata su juya shi a gidan biki su ce, Allah sarki, tsufa ya kama shi? Kai abin tunawa kake nema. Ita kuwa aiki ta biya."

Na yi fushi, don gaskiya ya faɗa. Muka zauna shiru har aka fara jin masu koko a waje. Sai ya jawo kaskon garwashi, ya ɗauko ƴar wuƙar Baba, ya miƙo mini ta wajen ƙota.

Ba zan ce hannuna ya tuna ba, ƙarya ne. Na ɗumama wuƙar, na kai kusa da leɓe kamar yadda na ga ana yi, na taɓa ƙululun, sai ta ci fiye da yadda na so. Gabana ya faɗi. Baffa bai ce komai ba, ya gutsuro kaki kamar ƙwayar gero ya ɗora mini a bakin basilla. Na cike, na sake ragewa, wannan karon da wuƙa mai sanyi-sanyi, ina kankarewa kamar mai tsoron tashin jariri. Hannun kuma sai da na huhhura masa numfashi ya yi laushi, sannan na ɗaga shi da yatsa kaɗan. Abin da Baba zai yi kafin shayi ya tafasa, ni na kai hantsi ina yi. Da na miƙa wa Baffa, ya ɗaga wajen ƙofa ya juya. Na ga babban yatsansa yana matsowa, wallahi sai da numfashina ya tsaya. Shafa wurin kawai ya yi sau biyu, ya ce, "Kawo sikeli."

Giram huɗu da ɗan ɗoriya. Liyarin biyu suka ba da 55, hannun mutane ya cinye ɗaya a tsawon zamani. Ya isa har da rara.

Baffa ya liƙa wata ƴar wutsiyar kaki a saman zoben, ita ce za ta zama ƙofar da kaki zai fita azurfa ta shiga. Ya dama yumɓu mai laushi da garin gawayi, ruwa-ruwa kamar kunu, ya shafa a hankali har ya shiga kowane lungu. Wannan shafin farko shi ke ɗaukar fuskar aiki, in iska ta maƙale a ƙarƙashinsa sai azurfa ta fito da ƙurji. Ina tsaye ina kallo rawayan yana ɓacewa a ƙarƙashin baƙi, hannun dama, ƙirji, sai na hagu. Bayan ya sha iska a inuwa aka ƙara wani, washegari aka yi masa mai kauri, yumɓu da aka cuɗa da kashin jaki don kada ya tsage a wuta. Kwana uku yana bushewa a kan katanga, wani dunƙule kamar ƙwan jimina da bai kai ba, kaji ma ba su kula shi ba.

Ranar wuta ni na riƙe zuga-zugi, aikin yara, don shi kaɗai Baffa ya yarda in yi. Ya kifa dunƙulen a gefen garwashi, baki ƙasa, ya tara ƙwarya da ruwa. Can sai ga shi yana ɗigowa, ɗigo bayan ɗigo, zauren ya cika da ƙamshin zuma. Bai fi ɗigo goma sha ba. Sauran yumɓu ya sha, wuta ta ƙone. Na ci gaba da zuga don babu wanda ya ce in tsaya, kuma hayaƙi ya ba ni uzurin idona.

Sai da dunƙulen ya yi ja, domin in da sanyi a jikinsa azurfa ba za ta kai ƙarshe ba. A ɗaya gefen liyarin kakar Hajiya suna cikin tukunyar narki. Azurfa sai zafi ya haura digiri 900 take sakin jiki, kuma na ga kan matar nan ta Ostiriya ya lanƙwashe, ya nutse, abin ya koma ruwa mai sheƙi yana juyawa. Baffa ya kama tukunyar da awartaki, ya yi bisimilla, ya zuba a tashi ɗaya ba tsayawa. Shi ke nan. Muka zauna muna jira, ba mai magana. Wannan jiran ne Baba ya kan ce ya fi son a yi shi da carbi.

Da ya huce Baffa ya ɗora a kan uwar maƙera ya ƙwanƙwasa. Yumɓun ya dare. Ta fito baƙa ƙirin, da toka a jiki, ba kyan gani. Ya goge da yatsa, ya duba hannun dama, ya duba ƙafa, ya duba na hagu. Duk sun cika. A bayanta akwai wani ɗan rami kamar bakin allura, ya ce wannan ba komai, magagari zai ɗauke. Kwana biyu ya yi yana yanke wutsiya, yana gogewa a kan fata don kada garin azurfa ya zube ƙasa, yana zane, sannan ya dafa ta da ruwan tsamiya ya murje da toka har ta yi fari. Na duba wurin da na taɓa, na kasa gane shi.

Hajiya ta dawo ana jibi biki. Baffa ya auna komai a gabanta: ƴar Agadas giram 39, guntun wutsiya 12, garin goga 3 a ƙulle a takarda, ɗaya kuma wuta ta ci. Ta ɗaga ta da igiya ta bar ta tana lilo har ta tsaya, ta ga ta tsaya sak. Ta juya bayanta, ta shafa ƙululun da yatsa.

"Hannunsa bai canza ba har ƙarshe," in ji ta. "Allah Ya jiƙansa."

Muka ce amin, ni da Baffa, kowa yana kallon ƙasa. Ta ƙirga cikon kuɗin aiki, jikka goma sha biyu, Baffa ya sa a ambulan ya ce a haɗa da kayan gado.

Da yamma ina haɗa jaka na tuna da ƙwaryar. Na shiga zaure na same ta inda aka bar ta, ɗigon kakin sun daskare a kan ruwa, ƴan fale-fale kamar ɓawon albasa. Ina tsaye ina tunanin abin da zan zuba su a ciki, Baffa ya shigo, ya sa yatsu ya kwashe su, ya mulmula, ya jefa a babban kwanon kaki tare da sauran. Na buɗe baki, sai na fasa.

Motata ta ƙarfe biyar ce. Da na fito bayan sallar asuba na ga haske a zaure. Baffa ne zaune dab da kaskon garwashi yana murza kaki a tafin hannu, wani ya kawo aikin zobe. Na yi masa sallama, ya ce in gaida yara, in kuma turo masa ƙofar saboda iska.